Tamfol a Kan Wutar Haladu

A Tungar Maɗaci, wani ƙauye da ke gefen hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta nufi Zurmi, an yi alkawarin wutar lantarki tun Haladu yana yawo ba wando. Ba za a ce hukuma ba ta yi komai ba, zalunci ne a faɗi haka. Wani zaɓe an kawo falwayoyi tara, aka kafa bakwai, biyu suna nan kwance tsofaffi na hira a kansu. Zaɓe na gaba aka kawo taransifoma da kiɗa da guɗa, aka ɗora ta a kan dakali. Da aka leƙa cikinta daga baya sai aka tarar ba ta da hanji. Waya ce dai aka ce tana hanya, kuma tana hanyar har gemun Haladu ya yi furfura.

Shi Haladu ɗan manomi ne da fartanya ba ta karɓe shi ba. Yana da shekara goma ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga mutumin da ke magana a ciki. Ya sha duka, amma ya mayar da ita, ta kuma ci gaba da magana har ta fi da. Ganin haka tsohon ya kai shi tashar mota a Ƙaura ya koyi gyaran wayar mota, abin da ake kira riwaya. Shekara ashirin da biyu ya yi kansa na cikin bonet ɗin manyan motocin da ke jigilar gero da shanu zuwa kasuwar Shinkafi. Boko bai wuce aji uku ba, amma in direba ya ce fitila ta ƙi, Haladu zai bi waya da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya tsaya daidai inda ɓera ya ci.

Da mahaifinsa ya rasu, hanya kuma ta lalace da 'yan bindiga, sai ya tattaro filaya da sukundireba ya dawo gida riƙon gona. Mutanen tunga suka sa masa Injiniya. Rabin sunan girmamawa ne, rabin kuma don a tuna masa cewa kunyarsa ta gero ta fi ta kowa karkacewa.

A bakin masallaci akwai wani burtsatse mai aiki da hasken rana da wani ɗan kwangila ya gina. Ya ba da ruwa damina ɗaya, famfon ya mutu, ɗan kwangilar kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai tanki a sama, da farantan sola ashirin da huɗu a jere kan ƙarafa, waɗanda mutanen gari ke kira gilasai. Mata ne suka fara gano amfaninsu. Wuri ne mai zafi, mai santsi, awaki ba sa kaiwa. Nan ake shanya kuɓewa da barkono da tumatir, har an raba: gilasan gabas na 'yan shiyyar gabas ne, kada wata ta kuskura.

Kullum Haladu ya wuce sai zuciyarsa ta yi ciwo. Wata rana ya kasa haƙuri ya ce wa matarsa Asiya, "Wutar gari guda na zubewa ƙasa kullum, ku kuna shanya kuɓewa bisa."

Asiya ta ce, "To Injiniya, ita kuɓewa ko ba komi ana miya da ita. Wutar taka mi aka yi da ita?"

Shekara guda ya yi yana ba ta amsa. Ya bi tsofaffin abokansa direbobi ya tara baturan manyan motoci. Ya samo wata tsohuwar inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, daga Gusau, wadda mai ita ya fid da rai da ita. Mata suka ce ba za su tashi daga gilasai ba, sai da ya kafa musu wurin shanya na kwano a gefe, ya kuma rantse ya fi zafi. Sannan ya ja waya a kan falwayoyin gwamnati bakwai ɗin nan, waɗanda a ranar suka fara aikin da aka kawo su yi.

Ɗakin shan magani ya fara ba wa, inda Malama Rashida, ma'aikaciyar lafiya, take da firjin allurar rigakafi da ya daɗe yana zaman akwatin ajiyar takardu. Sai masallaci, sai teloli biyu, sai gidaje arba'in da ɗaya, kowanne ƙwan fitila ɗaya da wurin cajin waya. Dokarsa ba ta da yawa: ba dutsen guga, ba hita. Wanda ya saci jona hita kuwa, kafin ruwan ya tafasa Haladu yana ƙofar gidansa da sallama. Da kaka kowane gida kan zuba tiyar gero a wani rumbu, a sayar a canja batirin da ya gaji. Haka Tungar Maɗaci ta yi shekara uku da wuta, ba wanda ya yi jawabi a kai.

Sai Onarabul Mubashir ya zo wani taron suna a tungar. Shi ne kansilan mazaɓar, ɗan tungar ne ma, amma tun da aka zaɓe shi ya koma birni, ya ce hanya ba ta da tsaro. Da gaskiyarsa, hanyar ba ta da shi. Abin mamaki dai shi ne yadda take samun tsaro duk lokacin da zaɓe ya matso. Ya yi cajin wayoyinsa biyu, ya sha ruwan sanyi, ya tsaya gaban gilasan ya ƙirga su da baki, ya dafa kafaɗar Haladu ya ce, "Kawu, Allah shi yi albarka."

Mako biyu bayan albarkar sai ga takarda daga ƙaramar hukuma. Malama Rashida ce ta karanta, ta fassara wa Haladu da Maigari Jibrin. An ce an yi amfani da kayan gwamnati ba da izini ba, an kuma raba wuta ba lasisi. A cire wayoyi kafin ƙarshen wata, za a turo mota ta kwashe gilasan zuwa sakatariya don ajiya.

Ba wanda ya tambayi ma'anar ajiya. An taɓa kai gilasan wani ƙauye ajiya, kuma an ajiye su da kyau ƙwarai, a kan rufin wani gida mai bene.

Haladu ya zauna a kan ɗaya daga falwayoyin da ke kwance, ya cire hula ya riƙe. Kwana ashirin da uku suka rage.

Rashida ta ce, "Baba Haladu, akwai wata ƙofa. Na ji a rediyo, na kuma tambaya a Gusau. Akwai ƙudurin doka gaban majalisar jiha, wanda zai ba al'umma damar haɗa wutarsu ta sola su raba tsakaninsu, a ba su takardar izini. An nemi kowace ƙaramar hukuma ta rubuto ko tana goyon baya. In namu sunka sa hannu cewa suna so, da wane baki za su kwashe gilasanka?"

Haladu ya ce, "Da bakin da sunka ci taransifoma."

Amma ya tafi. Sau huɗu ya hau mota zuwa sakatariya da takardar roƙo da Rashida ta rubuta, Maigari ya dangwala. Zuwan farko aka ce Ciyaman ɗin ƙaramar hukumar ya tafi Gusau. Na biyu yana hanyar dawowa daga Gusau. Na uku yana ciki amma yana ganawa, aka ji ganawar tana ƙamshin gasasshen nama. Haladu ya zauna a benci yana kallon fankar ofishin da ba ta juyawa, don su ma ba su da wuta, kuma mai kunna janareta ya tafi neman mai tun safe. Hannunsa har ƙaiƙayi yake, ya ga waya tsirara tana lilo a bango, amma ya danne.

A zuwa na huɗu ya ci karo da Mubashir a ƙarƙashin dalbejiya. Ya rusuna wa yaron da ya taɓa ɗaura wa tazugen wando, ya ce, "Ranka shi daɗe, kan maganar dokar ga ta wuta."

Mubashir ya ja shi gefe, ya rage murya kamar mai ba da sirrin magani. "Kawu, kai ba ka san siyasa ba. Mun zauna kan takardar ga. In kowace tunga ta yi wutarta, mu da mi za mu hau dandamali? Alkawarin wutar ga tun kakana aka yin shi. Abin gado ne, Kawu. So kake mu tsaya gaban mutane hannu sake?"

"To ku yi alkawarin ruwa. Famfon ma ya mutu."

"Wanga na Ciyaman ne, ba a taɓa mai shi."

Haladu ya dawo gida. Asiya ta ajiye masa tuwo ta ce, "Ci, Injiniya. Miyar kuɓewa ce. Ita ba a rubuto mata takarda ba."

Rashida ce ta gano inda aka yi kuskure. Ta ce, "Baba, kai ta cewa kake su zo su ga wuta. Wa ya damu da ganin wuta? Ka ce su zo su yi jawabi. A ce akwai taro, akwai lasifika, samari za su ɗauka da waya su watsa."

Aka sake rubuta takarda, ba a ambaci doka ba ko sau ɗaya. Washegari amsa ta zo. Ciyaman zai zo da kansa ranar Alhamis, kwana uku kafin wa'adi, da kansiloli shida. Hanya ta samu tsaro.

Ran Litinin Haladu ya tafi Ƙaura aro lasifika da makirfo wurin tsohon maigidansa, da nufin ya kwana ɗaya. Sai aka ce an ga mutanen daji sun gitta, motoci suka tsaya cak, ba mai fita sai da rakiyar jami'an tsaro. Rakiyar kuwa ba ta samu ba sai ran Alhamis da hantsi, ita ma albarkacin tawagar Ciyaman. Haka Haladu ya biyo ƙurarsu a bayan wata akori-kura, rungume da lasifika kamar jariri.

A kwana ukun nan Maigari Jibrin bai zauna ba. Dattijo ne da ya san yadda ake karɓar baƙo, kuma a duk abin da ya gada ba a taɓa zaunar da babban mutum a rana ba, balle ranar bazara. Maɗacin da tungar ta samo suna ya daɗe da zama turame. Saboda haka ya aro tamfol uku na motar hatsi, aka ɗinke su wuri guda, aka ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen tanki, ɗayan a katangar masallaci. Tunda gilasai aka zo gani, sai rumfar ta haɗa da su, don baƙi su gan su ba tare da sun motsa ba. Rashida ta yi magana kan rufe gilasan, Maigari ya ce ita malamar allura ce, ta bar wa manya sha'anin baƙi. Ta kwashe alluranta ta zuba a akwatin ƙanƙara. Mata kuma suka yi ta daka da suya a hasken fitilu, kowa ya kunna tasa don murna, teloli na ɗinkin kayan taro.

Da Haladu ya sauko daga mota ya ga rumfar, sai ya tsaya da lasifika a hannu.

Maigari ya taho da fara'a. "Injiniya, ka ga aiki? Ko gidan gwamnati sai haka."

"Ranka shi daɗe, yaushe anka ɗaura wanga abu?"

"Tun Talata da sahe. Su ma gilasan su huta. Shekara nawa suna shan rana, bayin Allah, ba wanda ya tausaya musu."

Haladu ya ajiye lasifikar. Ya shiga ɗakin batura ya duba inbata. Ko ƙyaftawa ba ta yi. Baturan sun zube ƙaf, kamar jakin da aka yi kwana biyu ana lafta wa kaya ba harawa.

A waje an riga an zauna. Ciyaman, wani ƙaƙƙarfan mutum cikin babbar riga mai aska tara, ya hakimce a kujerar tsakiya, kansiloli na gefensa kowa na latsa waya. Mubashir ya ɗauki makirfo don gabatarwa, ya hura, ya ƙwanƙwasa, ya ce "Gwaji, gwaji." Ko tari lasifikar ba ta yi ba. Ya juyo yana murmushin da bai iya ɓoyewa ba.

"Ranka shi daɗe, ka gani da idonka. Wutar ƙauye ke nan. Shi ya sa munka ce a kai kayan ga ajiya kahin su lalace."

Kansiloli suka yi dariya. Wani ya ce da ma aikin riwaya ne. Wani ya tambaya ko an kawo naman. Ciyaman ya karɓi makirfo ya jujjuya shi, ya dubi taron mutum wajen ɗari huɗu, ya dubi samarin da suka ɗaga wayoyi suna jira, fuskarsa ta ɓaci. Takardar jawabinsa shafi biyar ce, tana aljihun gaba.

Haladu ya zo ya durƙusa a gabansa. Bai taɓa magana da mai mulki sama da kansila ba, amma maganar waya ce, ita kuwa ya san ta.

"Ranka shi daɗe, wutar lahiyarta lau. Yunwa taka ji. Gilasan ga rana suka ci, kuma kwana biyu ke nan an ruhe musu baki. In an yaye tamfol, kahin a sha ruwa lasifika za ta tashi."

"To a yaye gefen gilasan."

"Ɗinke yake, ranka shi daɗe. Igiya guda ta riƙe shi. Ko inuwa, ko lasifika."

Maigari ya dafe ƙirji. "Haladu! Baƙon nawa za ka shanya awa kuɓewa?"

Mubashir ya sunkuya kusa da kunnen Ciyaman. "Ranka shi daɗe, rana ta take. Mu ci abinci mu kama hanya, ba sai an yi jawabi ba."

Nan ne Mubashir ya nuna cewa shi ma bai gama sanin siyasa ba. Ciyaman ya dube shi kamar ya zagi mahaifiyarsa. Mutumin da ya yi tafiyar awa biyu a hanyar da ake tsoro, da shafi biyar a aljihu, a ce masa ba sai an yi jawabi ba? Ya ɗaga kai ya dubi tamfol, ya sauke ya dubi makirfo. Bai daɗe yana aunawa ba.

"A kwance."

Aka kwance igiya, tamfol ya zame, ranar azahar ta faɗo a kan manyan baƙi gaba ɗayanta. Kansiloli suka shiga kare kai da takardun shirin taro. Haladu ya cire rigarsa ya goge ƙurar gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya kashe layin gidaje duka ya bar na lasifika kaɗai, ya tsuguna gaban inbata yana salati. Minti goma aka yi ba abin da ake ji sai fifita. Sannan 'yar fitilar ta yi kore, lasifika ta yi wata ƙara da ta tashi kajin masallaci, mata suka rangaɗa guɗa.

Ciyaman ya miƙe. Ya yi shafi na farko gumi na bin wuyansa. A shafi na biyu hularsa ta jiƙe. Amma duk inda ya ɗaga murya sai taro ya amsa, muryarsa kuma na dawo masa daga katangar masallaci da kauri irin wanda bai taɓa ji ba a sakatariya, inda janareta ke cinye rabin magana. A shafi na uku ya ajiye takardar, daɗi ya kwashe shi. Ya nuna gilasan da hannu ya ce wannan gagarumin aiki na wutar sola, wanda gwamnatinsa ta kawo wa Tungar Maɗaci, somin-taɓi ne. Ya ce shi ne mutum na farko da ya fara tunanin al'umma ta samar wa kanta wuta.

Rashida, daga cikin mata, ta ɗaga murya. "Ranka shi daɗe, ke nan kuna goyon bayan dokar da ke majalisa?"

"Goyon baya? Ai ni na ba su shawarar ta!"

Wayoyi talatin suka ɗauka. Mubashir ya tafa tare da kowa, da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da takarda a ka. Asiya ta leƙo ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe Ciyaman ne ya yi shekara guda yana ƙona mini zannuwa da ruwan batir."

Mako na gaba majalisar ƙaramar hukumar ta zauna, ta amince da takardar goyon baya ba hamayya, Mubashir ne ma ya gabatar da ita, ya ce tun yana yaro yake mafarkin sola. Motar ajiya ba ta zo ba. Ba a janye takardar farko a rubuce ba, an dai manta da ita, wanda a wurin hukuma ya fi janyewa ƙarfi. Ba a kwashe aikin da Ciyaman ya ce nasa ne a gaban wayoyi talatin. Ita dokar tana can majalisar jiha, an ce tana hanya.

Wata mota dai ta zo, amma kawowa ta yi. Wani ƙaton allo ne na ƙarfe mai hoton Ciyaman yana murmushi, da sunansa, da na Mubashir a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sunan Haladu bai samu wuri ba. Aka kafa shi da siminti a gabashin gilasan, daf da su, don duk mai ɗaukar hoto ya haɗa biyun. Haladu ya roƙa a matsa da shi taku biyar, aka ce umarni daga sama ne.

Ya auna abin da kyau. Daga fitowar rana zuwa hantsi, inuwar allon na rufe gilasai uku, wutar gida biyar ke nan kullum. Maigari ya tambaye shi ko a sake rubuta takarda.

Haladu ya ce, "A'a, ranka shi daɗe, bar shi ya ci. Da duka ashirin da huɗun ya so."

Ya ɗauki tsummansa ya tafi goge sauran ashirin da ɗayan.